Gambarar Faɗakarwa Da Gambarar Kasuwa: Wa Ke Zaɓa Wa Baƙaƙen Fatar Amurka Abin Da Za Su Ji?

Waƙoƙin rap, waɗanda a nan muke kira gambarar zamani, gyara suka kawo wa baƙaƙen fatar Amurka ko ɓarna? In kuma an ce iri biyu ne, akwai mai wayar da kai akwai ta neman kuɗi, wa ya raba su, kuma me ya sa ta biyun ce ta cika kunnuwan duniya?

Maganar ta sake tasowa a watan Fabrairun 2025. Ranar 2 ga watan mawaƙin rap Kendrick Lamar ya kwashe kyautar Grammy biyar, babbar kyautar mawaƙa ta Amurka, da waƙa guda. Ranar 9 kuma ya yi wasa a hutun rabin lokaci na Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallon Amurkawa, a birnin New Orleans, mutum sama da miliyan 130 suna kallo. An sa jarumin fim Samuel L. Jackson ya yi shigar Uncle Sam, dattijon nan mai doguwar hula da ake kwatanta gwamnatin Amurka da shi, yana ta tsawata wa mawaƙin cewa ya cika hayaniya, ya cika halin 'yan unguwar talakawa. Masu sharhi suka yi ta zuba yabo, suna cewa darasin tarihi aka koyar a tsakiyar filin ƙwallo.

Ɗan yayata, wanda ke aji biyar a sakandare, shi ya miƙo mini wayarsa na kalla. Da na gama sai na ce masa ai irin wannan ake kira mawaƙi mai ilimi, shi ne fa aka ba Pulitzer, babbar kyautar marubuta da masu fasaha ta Amurka, a 2018. Yaron ya yi dariya ya ce, "Kawu, waƙar da ta ci kyauta biyar ɗin fa zagin mawaƙi Drake ce daga farko har ƙarshe. Ita ce ilimin?" Na yi shiru, don gaskiya ya faɗa.

Me ake nufi da kowacce?

Gambarar faɗakarwa ita ce wadda mawaƙi ke ɗaukar lasifika don ya yi magana a kan halin da jama'arsa ke ciki: talauci, zaluncin 'yan sanda, tarihin bauta, lalacewar makarantu, ƙwaya, darajar mace, sanin kai. Gambarar kasuwa kuwa suna ne da masu suka suka laƙaba wa wadda aka ƙera domin ta sayu: kiɗa mai sa rawa, amshi mai saurin kama baki, da zancen kuɗi, motoci, sarƙoƙin zinare, giya, mata da bindiga.

Bahaushe ba zai sha wahalar gane kayan aikin ba. Yabon kai da ɗan gambara ke yi kirari ne, irin na ɗan dambe ko mafarauci. Caccakar abokin hamayya kuwa zambo ne da habaici. Mu ma muna da tsohuwar gardama tsakanin waƙar da aka tsara don gargaɗi da wadda aka yi don a samu kari.

Sai dai rabon yana da ruɗi. Duk waƙar da ta fita a faifai ta kasuwa ce, har da ta masu wa'azin, domin ba wanda ke raba faifai kyauta. Sannan mawaƙi guda kan yi duka biyun a kundi ɗaya. Tupac Shakur, ɗan Afeni Shakur ta ƙungiyar gwagwarmayar baƙaƙen fata ta Black Panther, shi ya yi waƙar da ke rarrashin matan da aka bari da reno su kaɗai, ya yi ta girmama mahaifiyarsa wadda har yau ke sa ƙattai hawaye, kuma shi ɗin ne dai ya yi wasu daga cikin waƙoƙin barazana mafi zafi na zamaninsa. A wane layi za a tsayar da shi?

Mafarin abin: biki ne, ba aji ba

Masu kewar zamanin da sukan ce hip-hop, wato al'adar kiɗa da rawa da rap ya fito daga cikinta, ya fara ne da faɗakarwa, daga baya kuɗi ya lalata shi. Tarihi bai goyi bayan wannan ba.

Ranar 11 ga Agustan 1973, a ɗakin taro na wani gidan haya mai lamba 1520 a titin Sedgwick da ke unguwar Bronx ta New York, wata budurwa mai suna Cindy Campbell ta shirya casu don ta tara kuɗin kayan komawa makaranta. 'Yan mata su biya santi 25, samari santi 50. Yayanta Clive, haifaffen Jamaika da aka fi sani da DJ Kool Herc, shi ke saka faifai. Ya lura cewa masu rawa sun fi zabura a daidai gaɓar da murya ke ɗaukewa a bar ganga ita kaɗai, don haka daga baya ya riƙa haɗa faifai biyu iri ɗaya yana maimaita wannan gaɓa. A kan wannan kiɗa ne samari suka fara jefa kalamai. Wato ranar da ake ɗauka ta haihuwar hip-hop ma kuɗin ƙofa aka karɓa.

Bronx ta lokacin kuwa kamar an yi yaƙi. An ratsa babbar hanyar mota ta tsakiyar unguwanni, masu hali sun tashi, masana'antu sun rufe, wasu masu gidajen haya suna cinna wa gidajensu wuta don su karɓi kuɗin inshora. A 1975 birnin New York kansa ya kusa tsiyacewa. Yaran da suka tashi a wannan toka abin da suka fara nema shi ne inda za su yi rawa su manta.

A 1979 wata mata mai suna Sylvia Robinson, mai kamfanin faifai na Sugar Hill, ta tattara samari uku suka yi "Rapper's Delight", waƙar rap ta farko da ta shiga sahun 40 na jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe na mujallar Billboard. Kusan minti 15 na kirari da barkwanci. Bayan shekara uku, a 1982, aka fitar da "The Message", wadda ake ɗauka uwar gambarar faɗakarwa: fasassun kwalabe a ko'ina, ɓeraye da kyankyasai a ɗaki, masu bin bashi suna ta kiran waya, da yaron da aka haifa a wannan hali har ya ƙare a mace a kurkuku. Wane kamfani ya fitar da ita? Sugar Hill. Wa ya matsa a yi ta? Sylvia Robinson. Yawancin 'yan ƙungiyar Grandmaster Flash da Furious Five, waɗanda aka fitar da waƙar da sunansu, ba su so ta ba, suna ganin ba mai zuwa casu don a tuna masa da baƙin cikinsa. 'Yar kasuwar ce ta hango cewa gaskiya ma tana da masu saye.

Shekarun da wa'azi ke sayuwa

Daga 1987 zuwa wajen 1993 aka yi wani zamani da har yau ake begensa. Misali mafi taɓa zuciya shi ne na KRS-One. Yana matashi ya yi zaman gidan marasa galihu a Bronx, a nan ya haɗu da wani ma'aikacin jin daɗin jama'a mai suna Scott La Rock, suka kafa ƙungiya. A bangon kundinsu na farko, a 1987, sun fito riƙe da bindigogi. A watan Agustan shekarar aka harbe Scott La Rock a lokacin da ya je sasanta wata rigima. Daga nan KRS-One ya juya akala. Ya tara manyan mawaƙa suka yi waƙar "Self Destruction" a 1989 don a daina kashe juna, aka miƙa kuɗinta ga ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta National Urban League. Ya riƙa kiran kansa malami, yana zagaya jami'o'i yana lacca.

A gefe guda ga Public Enemy, waɗanda jagoransu Chuck D ya kwatanta rap da tashar CNN ta baƙaƙen fata, ma'ana ita ce kafar labaran da ba su da ita. Ga Queen Latifah tana ja wa maza kunne kan kiran mata da sunayen banza, har ta ci Grammy da wannan waƙa. Ga ƙungiyar Arrested Development da ta sayar da miliyoyin faifai ta kuma ci kyautar sabbin taurari a 1993. Samari sun ajiye sarƙar zinare sun rataya lambar fata mai taswirar Afirka. Yara da dama sun fara jin muryar Malcolm X, fitaccen ɗan gwagwarmayar baƙaƙen fata, ne a tsakiyar waƙa, ba a aji ba.

Wanda ya saurari waƙoƙin wannan zamani zai riƙa jin sallama da ambaton Allah, kada ya yi saurin murna. Da yawa daga cikin mawaƙan sun sha ne daga ƙungiyar Nation of Islam ko reshenta na Five Percent da aka kafa a Harlem, waɗanda aƙidarsu ta yi hannun riga da Musuluncin da muka sani. Akwai dai waɗanda ke bin sanannen tafarkin, irin su Yasiin Bey da Lupe Fiasco da suka zo daga baya.

A daidai wannan lokaci ne kuma gambarar 'yan daba ta taso daga Los Angeles. Ƙungiyar N.W.A ta unguwar Compton ta yi waƙar tsine wa 'yan sanda, har wani jami'in FBI ya rubuta wa kamfaninsu wasiƙar ƙorafi a 1989. Mutane suka ce sharri ne da tunzura yara. A Maris 1991 aka ɗauki bidiyon 'yan sandan birnin suna jibgar wani baƙar fata mai suna Rodney King da kulake. A Afrilun 1992 kotu ta wanke su, gari ya kama da wuta, mutum sama da 60 suka mutu. To waccan waƙa ta N.W.A faɗakarwa ce ko ɓatanci? Ni a wurina duka biyun ce, domin kundin da ya faɗi gaskiya a kan 'yan sanda shi ne kuma ya wulaƙanta mata wulaƙancin da ba ya maimaituwa.

Yadda aka canja mudu

A nan gizo ke saƙar. Masu faɗakarwa ba su ƙare ba, ba su kuma daina iya waƙa ba. Abin da ya canja shi ne mudun awo da ƙofar shiga kasuwa.

Kafin 1991, mujallar Billboard tana haɗa jadawalinta ne daga rahoton da shagunan faifai ke bayarwa da baki. Mai shago ya faɗi abin da ya tuna, ko abin da yake so, ko abin da aka roƙe shi ya faɗa. A watan Mayun 1991 aka koma amfani da wani tsari mai suna SoundScan, wanda ke ƙirga kowane faifai a daidai lokacin da aka biya kuɗinsa a kanta. Ko wata guda ba a yi ba kundin N.W.A na biyu ya hau lamba ɗaya a duk faɗin Amurka, alhali gidajen rediyo ba sa iya saka shi saboda ashar. Shugabannin kamfanoni suka farka. Baƙaƙen fata kusan kashi 13 ne cikin ɗari na mutanen ƙasar, ba su kaɗai suka kai wannan faifai sama ba. Yaran farar fata na unguwannin masu hali ne ke shiga manyan kantuna suna saye.

Me wannan yaro ke nema? Ba ya neman a karanta masa laifin kakanninsa. Yana neman ya leƙa wata duniya mai hatsari daga cikin ɗakinsa, kamar mai kallon fim ɗin 'yan fashi. Kamfani kuwa abin da mai kuɗi ke so shi yake yawaitawa. A ƙarshen 1992 kundin Dr. Dre, tsohon ɗan ƙungiyar N.W.A, ya nuna cewa za a iya ɗora zancen daba a kan kiɗa mai laushi da zai shiga rediyo da talabijin. Daga nan kuɗin talla da na ɗaukar bidiyo suka karkata gefe guda.

Ƙofa ta biyu ta tsuke a 1996, lokacin da aka sa hannu kan sabuwar dokar sadarwa. A da, kamfani ɗaya ba ya mallakar gidajen rediyo fiye da 40 a duk ƙasar. Dokar ta cire wannan iyaka. Cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel shi kaɗai ya mallaki sama da gidaje 1,200. Mai gabatar da shiri na gari, wanda a da zai iya saka waƙar wani yaron unguwa don kawai ta burge shi, ya koma bin jerin da aka turo daga hedikwata. Jerin gajere ne, kuma ba ya son abin da zai ɓata wa masu talla rai.

Sai kuma yarjejeniyar da ke tsakanin mawaƙi da kamfani. Maƙudan kuɗin da ake ba saurayi ranar da ya sa hannu bashi ne, a cikin cinikinsa za a cire, har da kuɗin bidiyon da ya fito yana watsa daloli. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yaron da ke da bashin kamfani a wuya ba shi da sararin yin gwaji da waƙar tarihi. Jay-Z da bakinsa, a wata waƙa ta 2003, ya amsa cewa ya rage zurfin kalamansa ne don kuɗinsa su ninka, ya ce da ƙwarewa ce ke sayuwa da ya yi irin ta Talib Kweli, mawaƙin faɗakarwa, kuma ba zai iya taimakon talaka ba in shi ma talaka ne. Duk gardamar nan tana cikin wannan furuci, kuma ban ga wanda ya faɗe ta fiye da haka ba.

Ƙorafin 'yan gida

Kuskure ne a ɗauka farar fata masu ra'ayin riƙau ne kaɗai ke sukar gambarar kasuwa. Mafi zafin suka daga cikin gida ta fito. A 1993 Fasto Calvin Butts na cocin Abyssinian da ke Harlem ya tara faya-fayai ya kawo motar daddaɓe titi don ta murƙushe su. Matasa suka tsaya a gaban motar. Sai ya kwashi kayan ya kai su ƙofar ofishin kamfanin Sony ya zube, yana nuna cewa ga inda matsalar take. C. Delores Tucker, tsohuwar 'yar gwagwarmayar kare haƙƙin baƙaƙe, ta sayi hannun jari a kamfanin Time Warner don kawai ta samu damar shiga taron masu jari ta ƙalubalanci shugabanninsa da kalaman da suke sayarwa.

A 2004 ɗaliban kwalejin Spelman da ke Atlanta, makarantar mata baƙaƙen fata mai daɗaɗɗen tarihi, suka ji cewa mawaƙi Nelly zai zo harabarsu neman masu ba da ɓargo, domin 'yar'uwarsa na fama da sankarar jini. Ba a daɗe ba da ya fitar da wani bidiyo da aka mayar da jikin mace tamkar injin cirar kuɗi. Ɗaliban suka ce ya zo, amma sai ya zauna an tattauna wannan bidiyo. Aka soke zuwan. Wasu sun zarge su da fifita gardama kan ran mara lafiya. Su kuma suka ce su ne ke tafiya a titi da wannan hoto a goshinsu.

Hujjar wannan ɓangare ita ce, tun ƙarni na 19 Amurka ke da kasuwar nishaɗi da siffar baƙar fata, tun lokacin da farar fata ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon bawa wawa. A ganinsu yanzu siffar ce ta sauya, daga wawa zuwa ɗan daba da karuwa, kuma an samu 'yan gida da za su taka rawar. Farfesa Tricia Rose ta Jami'ar Brown, wadda ta shafe shekaru tana kare hip-hop daga masu raina shi, ita ma a 2008 ta rubuta cewa abin da manyan kamfanoni ke tallatawa ya ƙuntace ya koma kan waɗannan siffofi ƙalilan.

Shin waƙa ce ke kashe mutane?

Masu karewa suna da amsa mai nauyi. Sun ce madubi ake zargi da munin fuska. Dunƙulalliyar hodar ibilis da ake kira crack ta mamaye unguwanni tun tsakiyar shekarun 1980. Dokar 1986 ta tanadi ɗaurin shekara biyar ga wanda aka kama yana fataucin giram 5 nata, alhali mai garin hodar, wadda masu hali suka fi sha, sai ya kai giram 500 kafin ya sami wannan hukunci. Sai a 2010 aka rage tazarar. An kwashe iyaye maza an cika gidajen yari kafin yaran su iya rera komai.

Alƙaluma ma suna tare da su a nan. A 1990 an kashe mutum 2,245 a birnin New York. A 2017, shekarar da rap da dangoginsa suka zarce kiɗan rock suka zama abin da aka fi sauraro a Amurka, kisan bai kai 300 ba. Manyan laifuka a ƙasar baki ɗaya sun kai ƙololuwa a 1991, daga nan suka yi ta sauka a daidai shekarun da gambarar 'yan daba ke hawa. Da waƙa ce ke harba bindiga, da ba haka lissafin zai fita ba.

Suna kuma nuna dukiya. A 2014 kamfanin Apple ya sayi Beats, kamfanin na'urar sauraro na Dr. Dre da abokinsa, a kan dala biliyan 3. A 2019 mujallar Forbes ta ayyana Jay-Z a matsayin biloniya. Yaran da aka haifa a gidajen gwamnati na talakawa sun zama masu kamfanoni. Wannan gaskiya ne, amma mutum nawa ne? Manyan kamfanonin faifai uku, Universal da Sony da Warner, su ne ke riƙe da mafi yawan kasuwar. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Bugun kuwa na gaske ne. Tupac ya mutu da harsashi a 1996 yana da shekara 25, Notorious B.I.G. ya bi shi bayan wata shida yana da 24. Daga 2019 zuwa 2022 kaɗai an harbe Nipsey Hussle, Pop Smoke, King Von, Young Dolph da Takeoff. A salon drill da ya taso daga Shikago, yara kan ambaci sunan mamacin ɗaya ɓangaren suna izgili a waƙa, a ɗora a YouTube, dubban mutane su shiga suna zuga. A nan hujjar madubi ta yi rauni. Waƙar ba ita ta haifi gabar ba, amma tana hura mata wuta, kuma akwai mai karɓar kuɗin talla a kan kowane kallo.

Inda talaka ya fi jin abin a jikinsa

A fahimtata, babban tasirin gambarar kasuwa yana cikin idon da ake kallon baƙar fata da shi, fiye da cikin abin da shi yake aikatawa.

A shekarun 1990 wata mai nazarin halayyar ɗan'adam, Carrie Fried, ta yi wani gwaji mai sauƙi. Ta ɗauko baitocin wata tsohuwar waƙar gargajiya ta farar fata, mai ba da labarin kashe ɗan sanda, ta rarraba wa mutane a rubuce. Wasu ta ce musu rap ce, wasu ta ce musu waƙar ƙauyen farar fata ce. Kalmomi ɗaya, amma waɗanda aka ce wa rap ce sun fi ganin hatsarinta, sun fi son a sa mata takunkumi.

Wannan ido shi ke shiga kotu. Masu gabatar da ƙara a Amurka sun daɗe suna karanta baitocin samari a gaban masu taya alƙali hukunci a matsayin shaida. Shari'ar da ta fi shahara ita ce ta Young Thug a jihar Jojiya, wanda aka kama a 2022, alƙali ya amince a yi amfani da baitocinsa, shari'ar ta zama mafi tsawo a tarihin jihar kafin ya amsa wasu laifuka a Oktoban 2024. Shi yana da kuɗin manyan lauyoyi. Yawancin waɗanda abin ke faɗa wa yara ne da ba wanda ya san su, masu waƙa uku a waya. A filin dambe in ɗan wasa ya yi kirari cewa ya yi kisa goma, kowa ya san kayarwa yake nufi, ba mai kiran 'yan sanda. A can kirarin yaro na iya ƙara masa shekaru a kurkuku. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 2022 da ta taƙaita amfani da baitoci a matsayin shaida, amma yawancin jihohi ba su bi ba.

Hoton yana kuma ƙetare teku. Saurayin da bai taɓa fita daga Kano ko Damagaram ba, in ka ce masa baƙar fatar Amurka, abin da zai fara zuwa masa shi ne wando a ƙasan ƙugu da zanen jiki. Malaman makaranta da ma'aikatan jinya da direbobin bas da matan coci, waɗanda su ne mafi yawa, ba sa fitowa a bidiyo.

Masu faɗakarwar fa?

Su ma ba wankakku ba ne. Wasu sun ɗauka in saƙo ya yi kyau ba sai kiɗa ya yi daɗi ba, suka bar wa abokan hamayya filin rawa. Wasu suna kiran mace sarauniya a baiti ɗaya, a na gaba su gindaya mata sharuɗɗan da ba su gindaya wa kansu ba. A 1989 Public Enemy ta shiga tsaka mai wuya saboda kalaman ƙin Yahudawa da wani ɗan ƙungiyar ya furta. Kuma akwai abin ban takaici da su kansu mawaƙan ke faɗa: sau da yawa in suka duba masu halartar wasanninsu, ɗaliban jami'a farar fata ne suka fi yawa, yaran unguwar da ake yi wa wa'azin suna can suna sauraron wani.

Duk da haka aikinsu bai faɗi ƙasa banza ba. Lauryn Hill ta ci Grammy biyar a dare ɗaya a 1999 da kundin da ya aro sunansa daga littafin masanin tarihi Carter G. Woodson na 1933, kan yadda makaranta ke gurɓata tunanin baƙar fata. Jami'ar Harvard tana da cibiyar adana tarihin hip-hop tun 2002. A 2012 Christopher Emdin na Jami'ar Columbia ya haɗa kai da GZA na ƙungiyar Wu-Tang Clan, suka shiga makarantun gwamnati na New York suna sa yara tsara baitoci a kan darussan kimiyya, ana gasa. A 2015 masu zanga-zangar Black Lives Matter suka mayar da amshin wata waƙar Kendrick Lamar takensu a kan titi.

Zamanin waya

Yau rediyo ba shi ne mai tsaron ƙofa ba. Kowa na iya ɗora waƙarsa, kowa na iya nemo wadda yake so. Gambarar faɗakarwa tana nan da yawa ga mai nema. Sai dai mudun ya sake canjawa. A Spotify daƙiƙa 30 ake ƙirgawa a matsayin saurare ɗaya, a TikTok ɗan guntun amshi ne ke yawo. Baiti mai tsawo da ke ɗaukar labari daga haihuwar yaro zuwa kabarinsa ba shi da wurin zama a nan. Rigima kuwa ta fi komai jan ido.

Katangar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ma ta zube a wurare da yawa. Lil Baby, wanda ya yi suna da zancen kuɗi da titi, shi ya fitar da ɗaya daga cikin fitattun waƙoƙin zanga-zanga a Yunin 2020, makonni kaɗan bayan kisan George Floyd. Kendrick Lamar mai Pulitzer kuma zambo ne ya kai shi filin Super Bowl.

Akwai wani ɗan zare da na ga ya kamata a bi. Matsin lambar C. Delores Tucker da abokan tafiyarta ya yi aiki: a 1995 Time Warner ta rabu da hannun jarinta a Interscope, kamfanin da ke rarraba waƙoƙin Dr. Dre da Tupac. Aka yi murna an yi nasara. Bayan 'yan watanni kamfanin MCA ya sayi rabin Interscope a kan dala miliyan 200. MCA ɗin nan shi ne ya rikiɗe ya zama Universal. Ta hannun Interscope waƙar zambon Kendrick ta fita a 2024. Drake, wanda aka zaga, yana ƙarƙashin Republic, wani reshen na Universal. Da abin ya ishe shi a Janairun 2025 ya garzaya kotu, bai kai Kendrick ƙara ba, Universal ya kai, kamfanin da ke sayar da waƙoƙinsu su biyun.

Na koma na ba ɗan yayata wannan labari. Ya ɗan yi tunani ya ce, "To Kawu, wa ya ci?" Na ce masa ya duba sunan da ke rubuce da ƙananan haruffa a ƙasan waƙoƙin biyu.